Sai An Biya Dillali Kafin A Samu Gurbin Digiri Na Uku A Fiziks?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na gama digirin farko a fiziks da sakamako mai kyau, na kuma kammala bautar ƙasa. Burina in yi digiri na uku a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka ko Ingila. Wani mai ofis a nan Gombe ya ce in kawo naira miliyan 3 zai samo mini gurbi, zai kuma sa sunana a muƙalu biyar, wai ba a ɗaukar wanda bai wallafa komai ba. Baba har ya fara maganar sayar da gonarmu ta Dadin Kowa. Barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye wayar nan tukuna, ka je ka roƙi Baba ya dakata da zancen gonar, sannan ka dawo mu yi magana.

Ba a sayen gurbin digiri na uku a fiziks. A manyan jami'o'in Amurka irin su MIT, Caltech, Princeton, Harvard da Stanford, wanda aka ɗauka su ke ɗauke masa kuɗin makaranta, su riƙa ba shi alawus, shi kuma ya taya koyarwa ko bincike. Karatun shekara biyar zuwa shida ne, kuma da digirin farko ma ana shiga. Da hannunka za ka cike fom a shafin jami'ar, galibi a rufe cikin Disamba. Kuɗin fom kan kama kusan dala 100, wasu ma sukan yafe idan ka nema. A Cambridge da Oxford shekara uku zuwa huɗu ne, sai dai can gurbi daban, kuɗi daban, sai ka haɗa da neman tallafi irin na Commonwealth ko Gates Cambridge. A cibiyoyin Max Planck na Jamus kuwa biyan ɗalibin ake yi duk wata. To a ina dillali ya shigo?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne muƙalun nan na haya. Kusan kullum sai na ci karo da wannan bala'i. An cusa wa yaranmu cewa yawan takarda shi ne ilimi, sai mutum ya biya kuɗi a liƙa sunansa a aikin da bai taɓa gani ba, a mujallar da ke karɓar komai cikin kwana uku muddin an tura mata kuɗi. Masu tantance takardun neman gurbi fa malaman fiziks ne, waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu suna wallafawa a manyan mujallun fiziks irin su Physical Review. Kallo ɗaya suke yi wa sunan mujalla su gane. Yaro ɗan digirin farko da muƙala ɗaya kan hasken rana, ɗaya kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, ɗaya kan nukiliya, duk cikin shekara guda? Nan take za su ture fayil ɗinka gefe, ba wanda zai gaya maka dalili.

Wani matashi ya taɓa shigowa ofishina a nan Bauchi, rungume da jakar leda cike da muƙalu bakwai, yana so in rubuta masa wasiƙar shaida. Na zaro ɗaya, na ga a kan lissafin Schrödinger take, wato ginshiƙin kwantam, fannin fiziks na ƙwayoyin zarra. Na miƙa masa alli na ce ya rubuta mini lissafin a allo. Ya tsaya da allin a hannu, gumi na keto masa, har na ji tausayinsa. Yaron ba daƙiƙi ba ne, cutarsa aka yi, kuma kuɗin shanun mahaifiyarsa ne suka tafi. Da a ganawar bidiyo da farfesan waje hakan ta faru, da shi ke nan. Wanda kuma aka kama da takardar jabu wajen neman bizar Amurka, ana iya haramta masa shiga ƙasar har abada. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da suke dubawa shi ne makinka a kwantam, lantarki da maganaɗisu, da lissafi, sai aikinka na shekarar ƙarshe, ko ƙarami ne, in dai naka ne kuma za ka iya kare shi. Sai wasiƙu uku daga malaman da suka san ka da gaske. Ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu.

Gaskiyar magana, tsalle daga nan kai tsaye zuwa Princeton da wuya, amma akwai gada. Cibiyar fiziks ta ƙasa da ƙasa, wato ICTP, da ke Trieste a Italiya, wadda masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da tallafi. AIMS, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana, Senegal, Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar nauyin digiri na biyu. Ga kuma AUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Afirka, a Abuja.

Gobe da safe ka fara bin takardar sakamakonka. Na sha ganin fayil ya yi wata huɗu a kan teburi ɗaya saboda mai sa hannu ya yi tafiya, alhali fom ɗin waje ba ya jiran kowa. Ka je da ƙafarka, ka karɓi rasit, ka riƙa komawa duk mako har ta fito.