Daga Ina Sunan Johnson Ya Fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata 'yar bautar ƙasa daga Legas tana koyar da yarana a nan Bauchi, wai sunanta Johnson. Ni Boris Johnson na sani, tsohon Firaministan Birtaniya, shi kuwa Bature ne. Me ya haɗa Bayarabiya da sunansa, kuma mece ce ma'anarsa? Daga wata mai karatu, Wunti, Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Johnson dai ɗan John ke nan, kamar yadda muke cewa Yakubu ɗan Dadi, wanda ya kafa garinku. John kuwa daga Ibrananci ya fito, Yohanan, wato Allah ya yi alheri, kuma da shi Turawa ke kiran Annabi Yahaya.

A da can Ingila ma sunan uba bai wuce kan ɗansa. In William ɗan John ya haihu, yaron Williamson ne, John ya fita ke nan. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 ne masu filaye suka fara riƙe suna guda saboda gado. Talaka kuwa takardar haraji da ta kotu suka kama shi, don John ya yi yawa a kowane ƙauye, dole magatakarda ya bambanta wannan da wancan. Zuwa wajen 1400 galibin gidaje sun tsaya a kan suna ɗaya, har mace ma a ce mata Johnson ba wanda zai yi dariya. Mu ma hanyar muka kama: tun da fom ɗin jarrabawa da na katin ɗan ƙasa suka nace sai an cike gurbin sunan iyali, jika na ɗaukar sunan kakan da ko ganinsa bai yi ba. Ni dai na fi son namu na da, yana faɗa maka wanda ya haifi mutum.

Malamar yaranki ba lallai ne tana da jinin Turawa ba. Da Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen ruwanta suka riƙa ƙwato bayi a teku suna sauke su a Saliyo. Da yawansu Yarabawa ne, 'yan mishan suka raɗa musu sunayen Turawa. Waɗanda suka dawo Legas da Abekuta ake kira Saro. Wasu kuma a gida suka ɗauki sunan limamin mishan da ya shigar da su Kiristanci. Gwamnan soja na farko a Jihar Legas ma, daga 1967 zuwa 1975, Mobolaji Johnson ne.

In kun saba, ki tambaye ta sunan gidansu na Yarabanci, wasu iyalan har yanzu suna riƙe da shi.