Ga ɗan'uwan da ke shirin fara sayar da inshorar kuɗin jana'iza a Amurka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ci jarrabawar lasisin inshorar rai, wani kamfanin dillalai ya yi maka tayin sayar da ƙaramar inshorar nan ta kuɗin jana'iza ga tsofaffi, sun ce kuɗi na shigowa tun makon farko, kana tambaya ko ka ajiye tuƙin haya ka shiga gadan-gadan. Kada ka ajiye tukuna. Maganar kuɗi tun makon farko gaskiya ce, sai dai ba su gaya maka cewa yawancin kuɗin nan bashi ne ba.

Ga yadda lissafin yake. A ce ka rubuta wa dattijuwa inshorar da za ta riƙa biyan dala 60 a wata, dala 720 ke nan a shekara. In kwangilarka ta kashi 100 ce, kamashonka na shekarar farko dala 720 ne. Yawancin kamfanoni sukan ba ka kashi 75 tun da wuri, wato na wata tara, dala 540, sauran 180 kuma su zo a wata na 10 zuwa na 12. To in ta biya wata uku ta daina, abin da ka ci da guminka dala 180 ne kacal, 360 bashi ne a wuyanka, za a cire shi daga cinikin da ka kawo gaba. Wasu kamfanonin ma in inshorar ta faɗi a watannin farko, ko mai ita ya rasu cikin lokacin jira (shekarun farko da inshorar ba ta biyan cikakken kuɗi), duka suke karɓewa. Wanda ya gudu da bashin kuwa sunansa na shiga rajistar Vector One, inda sauran kamfanoni ke dubawa kafin su ɗauki wakili. Shi ya sa sabon wakili zai yi ciniki mai kyau wata biyu, ya cinye kuɗin, a wata na huɗu ya ga yana aiki amma asusunsa ba motsi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya rataya: ka rubuta inshorar da za ta zauna.

Kafin ka sa hannu da waɗannan dillalan, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka nemi a rubuce: kashi nawa ne kamashonka a kowane kamfani, wa zai biya kuɗin sayen sunayen mutanen da za ka bi ka yi wa talla, wato sunayen masu sha'awa, kamfanin inshora ne zai biya ka kai tsaye ko sai ta hannunsu, kuma in ka so tafiya za su sake ka ko a'a. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi mantawa. In ba su ba ka takardar saki ba, kamfanoni da yawa sai ka yi wata shida ba ka rubuta musu komai ba kafin su yarda ka koma ƙarƙashin wani. Mai zaman kansa da ke sayen sunaye da aljihunsa ya kamata ya samu wajen kashi 100 ko sama a yawancin jihohi. In aka ba ka kashi 50 ko 60 kuma aka ce kai za ka sayi sunayen, an cuce ka ta fuska biyu. In kuma zancensu ya fi karkata ga ka kawo abokanka su shiga ƙarƙashinka fiye da koya maka ciniki, ka ja da baya. Da yake ka ce a Bronx na birnin New York kake: dokar jihar New York ta taƙaita kamashon shekarar farko, kuma da yawa daga kamfanonin wannan harka ba sa sayarwa a can. Shi ya sa wakilai da dama ke ɗaukar lasisin baƙo na New Jersey ko Pennsylvania ta shafin NIPR, inda ake neman lasisin inshora na jihohi. Ba sai ka sake jarrabawa ba, kuɗin rajista kawai za ka biya.

Sauran takardun ba su da wuya: horon yaƙi da halatta kuɗin haram, wanda yawanci ta ƙungiyar kamfanonin inshora mai suna LIMRA ake yi, inshorar kare kai daga kuskuren aiki, da rajista da kowane kamfani kafin ka karɓi takardar kowa da sunansa. Uku ko huɗu sun ishe ka farawa, irin su Mutual of Omaha, Transamerica, Foresters ko American Amicable gwargwadon wanda ke aiki a jiharka, sai ɗaya wanda ba ya tambayar lafiya kamar Gerber Life. Wanda ya tara kamfani goma a watan farko ba ya sanin ko ɗaya da kyau.

Shi kansa kayan da kake sayarwa, inshorar rai ce ta har mutuwa, ƙarama, yawanci daga dala 5,000 zuwa 25,000, ga masu shekara 50 zuwa 85. Kuɗin wata ba ya ƙaruwa, ba a zuwa asibiti gwaji, tambayoyi kawai ake yi. Buƙatar kuwa ta gaske ce: ƙungiyar masu gidajen jana'iza ta Amurka ta ce a 2023 matsakaicin kuɗin jana'iza da binnewa dala 8,300 ne, ban da kuɗin filin kabari, alhali abin da hukumar Social Security, mai biyan fanshon gwamnati, ke bai wa matar mamaci ko mijinta na rasuwa dala 255 ne.

Inda gwaninta take shi ne sanin matakin da mutum ya faɗa. Akwai mai biya cikakke tun ranar farko. Akwai mai biyan wani kaso in an rasu a shekara biyun farko. Akwai wanda ake karɓar kowa ba tambaya, amma in mutum ya rasu da ciwo kafin shekara biyu, abin da ya zuba kawai ake mayarwa da ɗan ƙari, sau da yawa kashi 10. Wannan na ukun shi ya fi tsada ga kwastoma, shi ya fi ƙarancin kamasho gare ka, don haka ba a kai mutum can sai an rasa mafita. Kada ka tsaya ga “lafiyata ƙalau”. Tsoho zai ce maka ƙalau yake, ga jakar magani cike a kan firij. Ka ce a kawo kwalaben, ka jera su a tebur, ka karanta ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi don me aka ba shi da kuma tun yaushe. Furosemide tare da carvedilol sau da yawa alamar raunin zuciya ce. Donepezil na ciwon mantuwa ne, kuma shi kaɗai ya isa ya rufe matakin farko kusan ko'ina. Gabapentin a wurin mai ciwon sukari zai sa kamfani ya ɗauka ciwon ya taɓa jijiya. Insulin kuma wani kamfani ba ruwansa, wani sai ya tambayi shekarun da aka fara shi. Mai iskar oksijin, mai wankin ƙoda, wanda ake yi wa maganin ciwon daji a yanzu, waɗannan yawanci sai mataki na uku. Kamfani na duba tarihin magungunan mutum da bayanan MIB (ma'ajiyar bayanan lafiya da kamfanonin inshora ke rabawa tsakaninsu) cikin mintuna, saboda haka ɓoyewa ba ta da amfani. Ko ta wuce a ranar, duk wanda ya rasu cikin shekara biyun farko kamfani na da ikon neman takardun asibitinsa. In an ga ƙarya, kuɗin da aka zuba kawai iyali za su samu, kai kuma kamasho ya koma, lasisinka na cikin haɗari.

Ranar cire kuɗi ma kada ka raina ta, don ita ke kashe inshora fiye da komai. Yawancin kwastomominka da kuɗin Social Security suke rayuwa. Wanda aka haifa daga 1 zuwa 10 ga wata Laraba ta biyu yake karɓa, 11 zuwa 20 Laraba ta uku, 21 zuwa 31 Laraba ta huɗu. Waɗanda suka fara karɓa kafin Mayun 1997 ranar 3 ga wata, masu tallafin SSI na tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi ranar 1. Ka sa a cire ranar da kuɗin ke shiga, kuma ka fifita kamfanin da tsarinsa ke bin Larabar, domin in ka rubuta “10 ga wata” wata rana za a nemi kuɗi kafin su iso. Masu katin Direct Express, wanda gwamnati ke zuba wa marasa asusun banki kuɗinsu a ciki, ba kowane kamfani ke karɓarsu ba, ka tambaya tun kafin ka fara cike fom. Sannan kada ka ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba. Mai samun dala 1,100 a wata da ka rubuta wa 120 don ka ga ya ce to, kunya ce ta sa shi, kuma a wata na uku za ka biya kuɗin kunyar. Dala 45 da za ta shekara goma ta fi maka.

Sunayen masu sha'awa su ne jarinka. Na katin gidan waya da tsoho ya cike da hannunsa sun fi tsada, sun fi inganci, amma daga oda zuwa isowa sai an yi makonni. Na Facebook sun fi araha, sai dai su huce cikin awoyi, in ba ka kira nan take ba wani ya riga ka. A ce kana sayen 20 a mako a kan dala 35, dala 700 ke nan kafin man mota. Dala 540 da za a ba ka tun da wuri a ciniki ɗaya irin na dattijuwar can ba su ma mayar da shi ba. Don haka ka tanadi kuɗin sunaye na mako huɗu zuwa shida, ban da na haya da abinci, kafin ka rage tuƙi. Makon da ba ka yi oda ba, nan da mako uku za ka zauna ba aiki. Kada kuma ka tsaya ga waya: wanda bai ɗauka ba ka je ƙofarsa da kwafin katin a hannunka, ka nuna masa rubutunsa. A waya, doka ta hana kira kafin 8 na safe ko bayan 9 na dare a agogon wanda kake kira, wasu jihohin ma sun fi haka tsanani, kuma akwai rajistar waɗanda suka ce kada a kira su.

Na ga ka ce za ka fara da mutanenmu na masallaci. Kada ka gina lissafi a kansu. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya ce ta halatta, kuma da yawa a kan haka suke. Kai ma ya kamata ka zauna da malamin da ka yarda da shi kafin ka mai da ita sana'a. Ban da haka, mu da sauri muke binnewa, kamfani kuwa sai ya ga takardar shaidar mutuwa, don haka asusun jana'iza na al'umma ya fi saurin kai ɗauki. Wanda ya saya duk da haka, ka bayyana masa cewa wanda ya rubuta sunansa a fom shi za a miƙa wa kuɗin kai tsaye, kamfani ba ya raba gado. Kada a rubuta ƙaramin yaro, kuma a sa mutum na biyu ko da na farkon ya riga shi.

Abu biyu ke cin lasisi cikin sauƙi: biya wa kwastoma kuɗin watan farko daga aljihunka, wanda yawancin jihohi suka haramta, da sauke masa tsohuwar inshora ka ɗora sabuwa ba tare da fom ɗin musanya ba. In ka tarar yana da wadda ta wuce shekara biyu kuma farashinta daidai, ka bar masa abarsa, don sabuwa za ta sake buɗe masa shekara biyun bincike.

Haraji kuma ba mai cire maka, a takardar 1099, ta mai aikin kansa, za a biya ka. Harajin mai aikin kansa kaɗai kashi 15.3 ne, kafin na tarayya da na jiha, ana biya sau huɗu: tsakiyar Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Ka buɗe asusu dabam, duk kamashon da ya shigo ka zuba kashi ɗaya cikin huɗu na haraji da wani abu na mayar da bashi, ka kuma rubuta milolin motarka kullum don ana rage su daga haraji. In ka samu kwangilar a rubuce, ka goge sunanka ka turo shafin kamashon da na sharaɗin saki nan, a duba maka kafin ka sa hannu.