Ƙayyade kuɗin haya ko gina sabbin gidaje?

Ɗan'uwa, ka ce wata jam'iyya ta yi alkawarin hana masu gidaje ƙara kuɗin haya, wata kuma ta ce za ta gina gidaje masu rahusa, kana tambayar wanne ya fi wa ɗan haya. Ni dai ginin nake goyon baya.

Ƙayyade haya yana kwantar da hankalin wanda ya riga ya samu ɗaki, gabansa ya daina faɗuwa idan mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Amma magidancin da ke yawo da iyali yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa, ko ɗaki ɗaya dokar ba ta ƙara masa ba. Birnin Berlin ya gwada ƙayyade haya a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a 2021 saboda yin irin wannan doka hurumin gwamnatin tarayya ne, ba na birnin ba, masu haya da yawa suka wayi gari da bashin ragin kuɗin hayar da dokar ta yi musu.

A Singafo kuwa, tun 1960 hukumar gina gidaje ta gwamnati, wato HDB, take gini, yau kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna ƙasar a gidajenta suke. Ka tambayi masu alkawarin ginin: a wane fili, da wane kuɗi, kuma da albashin wa aka auna rahusar?