Hukuncin Karanta Littattafan Bart Ehrman da Kafa Hujja da Su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Matasa suna ta yaɗa maganganun wani Ba'amurke, Bart Ehrman, a kan asalin addinin Kirista. Shin ya halatta in karanta littattafansa, in kafa hujja da su a muhawara da Kiristoci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam mai tambaya, hukuncin ya danganta da wanda zai karanta da abin da zai ɗauko.

Fara sanin mutumin. Ehrman ya tashi Kirista, ya yi digirin digirgir a makarantar tauhidin Kirista ta Princeton, ya koyar a Jami'ar North Carolina. Daga baya ya bar addinin, yanzu bai yi imani da Allah ba, kuma ya ce wahalhalun duniya ne suka kai shi ga haka. Saboda haka ba mai ba Musulunci shaida ba ne.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne tsofaffin kwafin Sabon Alkawari (kashi na biyu na littafin Kiristoci, Baibul) na Girkanci, a kansu ya rubuta Misquoting Jesus a 2005. Ƙarshen Linjilar Markus, 16:9-20, babu shi a kwafin Sinaitikus da na Batikanus, duka na ƙarni na 4. Labarin matar da aka kama da zina, Linjilar Yohanna 7:53 zuwa 8:11, shi ma babu a kwafi mafi tsufa. Irin wannan nakali ne da ake iya bincikawa, ɗaukarsa ya halatta, kamar yadda Ibn Hazm da Ibn Taimiyya suka karanta littattafan Ahlul Kitabi suka yi raddi. Malaman Kirista ma sun san wannan, fassarorinsu da dama sun ambace shi a ƙasan shafi. Nuna wa abokin muhawararka daga can ya fi.

Inda ake zamewa shi ne ƙa'idarsa cewa masanin tarihi ba zai iya tabbatar da mu'ujiza ba. Wanda ya mayar da ita ma'aunin gaskiya ya rushe haihuwar Annabi Isa (AS) ba uba, da rayar da matattu da izinin Allah da ke Ali Imrana aya ta 49, har da wahayi kansa. Sannan Ehrman yana ganin gicciye Annabi Isa a zamanin Bilatus, gwamnan Romawa a Yahudiya, na cikin abubuwan da tarihi ya fi tabbatarwa, alhali Nisa'i aya ta 157 ta kore shi. Ka ɓoye wannan ka ce "ya tabbatar da Alƙur'ani", ka yi masa ƙarya, ƙarya kuwa haramun ce ko a kan kafiri. Haka cewa taron manyan limaman Kirista na Nikiya a shekarar 325 ne ya zaɓi Linjilu huɗu: Ehrman kansa ya ƙaryata hakan, rigimar wani limamin Kirista, Ariyus, kan matsayin Annabi Isa aka tattauna a can.

Don haka ɗalibin da ya karanci aƙida a gaban malami, yake bambance nakali da ra'ayi, ya halatta ya karanta, da sharaɗin ya faɗi magana yadda take tare da littafi da shafi, ya yi jayayya da hanya mafi kyau kamar yadda Ankabutu aya ta 46 ta umarta, ba izgili. Wanda bai kai nan ba, ko yake jin shubuha na kama zuciyarsa, bai halatta ya karanta shi kaɗai ba. Wallahu a'alam.