Yaya aka yi Solomon Burke ya haɗa albam da 'yan rok na Holan?

Tambaya: Malam, na ci karo da wani albam mai suna Hold On Tight, an rubuta Solomon Burke da De Dijk a jikinsa. Shi Ba'amurke ne mawaƙin soul, su kuma an ce 'yan rok ne na ƙasar Holan. Me ya haɗa kifi da kaska?

Amsa: Ɗan'uwa, ai zumunci ne tsoho. Soul da rok duk jikokin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, wato blues da waƙoƙin coci. Burke a cocin Filadelfiya ya taso, tun yana yaro yake wa'azi, kuma da ya shiga kamfanin faifan waƙa na Atlantic a farkon shekarun 1960 kirarinsa ma Sarkin Rok da Soul ne. Waƙarsa ta 1964, Everybody Needs Somebody to Love, ba a jima ba 'yan Rolling Stones, ƙungiyar rok ta Ingila, suka ɗauka suka rera. A 2001 aka saka shi a zauren karrama gwanayen rok na Amurka.

Su kuwa De Dijk a Amsterdam suka kafu a 1981, da yaren Holan suke waƙa. Saurari kiɗansu da kyau: bayan jita da ganga akwai masu busa, kuma busar nan ita ce gishirin soul. Da ma can almajiran gidan ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka raba aikin. Galibi idan matasa suka gayyato dattijon mawaƙi, tsofaffin waƙoƙinsa suke sa shi ya maimaita, a ɗan shafa musu sabon fenti. A nan waƙoƙin De Dijk aka ɗauko, aka mayar da su Turanci, aka miƙa wa Burke. Mawaƙinsu Huub van der Lubbe, wanda ya yi kusan shekara 30 riƙe da makirfo, ya ja gefe ya bar wa baƙo fili. Wanda ya san halin mawaƙa ya san wannan ba ƙaramin haƙuri ba ne.

Kuma mayar da waƙa wani harshe ba kamar fassarar wasiƙa ba ne. Dole gaɓoɓin su hau kan kiɗan da aka riga aka tsara, inda za a ja numfashi ya faɗo daidai, amsa-amo ya zauna. Sai kuma Burke, da ba ya bin layi tiryan-tiryan: ya jinkirta kalma, ya maimaita ta, ya tsaya ya yi magana kamar yana kan mumbari. Makaɗa ne ke binsa, kunnensu na kan bakinsa.

A watan Oktoba na 2010 albam ɗin ya fito. An shirya su yi wasa tare ranar 12 ga watan a Paradiso, wani zaure a Amsterdam wanda asalinsa ma coci ne. Burke, wanda saboda nauyin jiki a zaune yake waƙa bisa karagar sarauta, ya taso daga Amurka. Ranar 10 ga Oktoba, jirginsa na sauka a filin jirgin sama na Schiphol, kusa da Amsterdam, rai ya yi halinsa.