Zauren Tambaya: Turawan Holan da yaƙi ya rutsa da su a Japan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanakin baya na kai ziyara tsohuwar ganuwar Elmina da ke gaɓar tekun Gana, sai mai yi mana jagora ya ce ko lokacin da Napoliyon ya haɗiye ƙasar Holan, ba a sauke tutarsu a nan ba. To ma'aikatan kamfaninsu da ke ƙasashe masu nisa fa, yaya suka yi? Wa ke ciyar da su? Daga ɗalibinka a Zangon Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai jagoranku bai yi ƙarya ba. Amma bari in kai ka Japan, don can ne abin ya fi ba ni mamaki.

A zamanin can, a bakin garin Nagasaki akwai wani ɗan ƙaramin tsibiri mai suna Dejima, wanda aka gina da hannu. Gada ɗaya ce ta haɗa shi da gari, da masu gadi a bakinta. Nan Japanawa suka killace 'yan kasuwar Holan tun 1641. Wani saurayi, Hendrik Doeff, ya sauka can a 1799 a matsayin akawu. Ka ji rashin sa'a: a ƙarshen shekarar nan kamfanin da ya ɗauke shi aiki, VOC, ya rushe, gwamnati ta gaji kayansa da bashinsa. A 1803 aka ɗora Doeff kan shugabancin wurin.

A 1808 jirgin yaƙin Ingila mai suna Phaeton ya shigo tashar sanye da tutar Holan. Ma'aikata biyu suka tafi tarbarsa da murna, suna zaton 'yan gida ne, aka yi garkuwa da su sai da aka ba da ruwa da abinci. Kunyar abin ta sa gwamnan Nagasaki ya kashe kansa.

Bayan 1809 jiragen Holan suka ɗauke ƙafa. Faransa ta haɗiye ƙasarsu a 1810, Ingila ta ƙwace tsibirin Jawa da ke Indonesiya ta yau a 1811, wato cibiyar da ke aiko musu kaya da wasiƙu. Su kuwa ba labari. Kowace shekara idan lokacin zuwan jirgi ya yi, sai a zuba wa teku ido har lokacin ya wuce. Sutura ta tsufa, takalma suka mutu, Bature ya koma sa takalmin ciyawa irin na Japanawa. Maganar ci da sha da ka yi, hukumar Japan ce ta riƙe su.

Wurin da nake sara wa Doeff shi ne 1813. Raffles, wanda Ingila ta ba riƙon Jawa, ya turo jirage biyu tare da Wardenaar, tsohon maigidan Doeff, a karɓe tsibirin cikin ruwan sanyi. Har giwa suka ɗauko ta kyauta ga mai mulkin Japan. Doeff ya ce atafau. Ya nuna musu cewa in Japanawa suka gane su Ingilishi ne, bayan abin da Phaeton ya yi, da wuya su fita da rai. Dole suka yi ciniki da sunan Holan, Doeff ya biya bashin da ake bin cibiyar kasuwancinsu ta Dejima da kuɗin. Giwar ma aka mayar da ita.

Zaman jiran bai tafi a banza ba: shi da tafintocin Nagasaki suka duƙufa kan ƙamus na Holanci da Japananci, wanda ɗaliban likitanci na Japan suka daɗe suna kwafa da hannu.

Sai 1817 jirgi ya zo da magajinsa. Ɗan da Doeff ya haifa da wata Bajapaniya doka ta hana ya tafi da shi. A 1819 kuma, kan hanyar gida, jirginsu ya nutse a tekun Indiya. Shi ya tsira, amma takardu da kayan tarihin da ya tara shekara goma sha takwas duk suka tafi cikin ruwa.