Fulogin batirin bindigar airsoft ya tsage: gam ko canji?

Tambayar yaron shago: "Maigida, an kawo batirin bindigar wasa ta airsoft mai volt 8.4. 'Yar ƙugiyar da ke riƙe fulogin ta karye, jikin robar ma ya tsage har ƙarfe ɗaya yana leƙowa. In zuba masa sufa gulu?"

A'a ɗana, ajiye gam ɗin nan. Abin da ke hannunka ƙaramin fulogin Tamiya ne, irin wanda yawancin bindigogin nan masu moto ke zuwa da shi, robarsa kuwa nailan ce. Sufa gulu ba ya kama nailan kamun kirki. Yau za ka ga kamar ya riƙe, gobe da an ja waya ya ɓalle. Ga shi kuma ruwa-ruwa ne, yana silalewa cikin rami ya lulluɓe ƙarfen, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Moton bindigar nan yakan ja amp 10 zuwa 20 yana cikin harbi, farkon tashinsa ma ya fi haka. Duk inda wuta mai yawa ta matse, nan zafi ke taruwa, sai roba ta narke, jar waya da baƙa su haɗu.

Da ƙugiyar kaɗai ce ta karye, da sai in ce a zagaye mahaɗar da salatif a ci gaba da aiki, don ƙarafan suna riƙe juna. Amma tunda ƙarfe ya leƙo, robar ta gama aiki.

Hanya mai araha ita ce ka canza robar kawai. Kowane ƙarfe da ke ciki yana da 'yan kunnuwa biyu da suka buɗe suka maƙale a bango. Ka sa allura mai kauri ko siririn bututu ta bakin fulogin ka kwantar da su, ka ja wayar ta baya a hankali. Da ta fito ka ɗaga kunnuwan kaɗan da bakin reza, ka tura cikin sabuwar roba har ka ji ta ce ƙas. Waya ɗaya za ka fitar, ka shigar da ita, sannan ka taɓa ta biyu. Kada tsiraran ƙarafa biyu su taɓa zama a waje lokaci guda, batir ba shi da makunnin da za ka kashe.

Ka lura da ramukan sosai. A ƙaramin Tamiya na airsoft, jar waya tana shiga ramin mai zagaye, baƙa kuma mai kusurwa huɗu. A kayan motocin wasa na rimot akasin haka ake haɗawa, shi ya sa sabon fulogin da ya zo da wayoyinsa ba a yarda da launinsa sai an gwada da na jikin bindiga. In aka juya wuta moto zai yi baya, in kuwa bindigar mai allon lantarki ce a ciki, allon na iya ƙonewa nan take.

Ni dai in mai kaya ya yarda, wani irin fulogi mai suna Deans nake sa masa, wanda ƙarafansa ke jere kamar harafin T. Ƙarafansa masu faɗi ne, suna ɗaukar wuta ninkin ta Tamiya sau da yawa, babu kuma ƙugiyar da za ta sake karyewa. Macen ake sa wa batir, namijin a jikin bindiga, domin kada ƙarafa masu wuta su zauna a fili. Ƙarfen da ke kwance a saman T shi ne na jar waya.

Ka tanadi ƙarfen soda mai wat 40 zuwa 60, da dalma mai man soda a ciki, da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Ka yanke baƙar waya ita kaɗai, kusa da tsohon fulogi don kada ta gajarce. Kada ka kuskura ka haɗa biyun a bakin almakashi, ƙarfen almakashin zai haɗa wutar. Ka feƙe milimita 4 ko 5, ka zura robar tsukewa tun yanzu, don bayan soda ba ta shiga. Ka shafa dalma a wayar, ka shafa a ƙarfen fulogin, sannan ka haɗa su ka ɗora ƙarfen soda daƙiƙa 2 zuwa 3. Kafin ka fara, ka soka namijin da ba shi da waya a cikin macen: yana shanye zafi, yana kuma hana ƙarafan karkacewa in roba ta yi laushi. Ƙaramin ƙarfen soda mai wat 25 shi ke ɓata aikin nan, don sai ka daɗe kana dannawa, roba ta narke dalma ba ta gudana ba. Soda mai kyau sumul take tana sheƙi. In ta dunƙule ta yi dishi-dishi, sake ta. Ka ja robar ta rufe, ka tsuke ta, sai ka koma kan jar waya.

Wannan batirin irin wanda ake kira NiMH ne, sel 7 masu volt 1.2 kowanne, yana da ɗan haƙuri. Ranar da aka kawo maka batirin lithium da ake kira LiPo mai volt 7.4 ko 11.1, ka ninka kula, shi haɗuwar wuta ta ɗan lokaci tana iya tayar da gobara. Wanda ya kumbura ko jakarsa ta huje kada ka gyara shi, ka kai shi waje ka ajiye cikin yashi. In ɗan farin fuloginsa na caji ne ya fashe, ka ɗauki hoton jerin wayoyin kafin ka cire ko ɗaya.

Bayan ka gama, ɗora mitar gwada wuta: jan tsinke a ƙarfen jar waya. Wannan batirin in ya cika caji zai nuna tsakanin volt 9 da 10. In ka ga alamar ragi a gaban lambar, ka juya wayoyi. Ka tuna in Deans ka sa, sai an canza fulogin bindiga da na caja su ma. Daga nan ka cire magazin, ka tabbata babu harsashin roba a cikin bindigar, ka juya bakin bindiga ƙasa ka harba sau goma, sannan ka taɓa mahaɗar. In ta yi ɗumi, ɗaya daga cikin sodar ba ta kama ba, ka yanke robar ka sake.